Shirin shiga karatun nas a kwalejin al'umma a Amurka: waɗanda suka riga mu ku zo ku ba mu labari

Maman Ilham, Ohayo:
Assalamu alaikum yayyena da ƙannena. Don Allah waɗanda suka yi karatun nas a nan Amurka ta hanyar kwalejin al'umma, wannan ta shekara biyu da ake fita da ƙaramin digirin nas da ake kira ADN, ku taimaka mana da abin da kuka gani da idonku. Na yi rajista an ba ni lambar ɗalibi, amma da na zauna da mai ba ɗalibai shawara sai take ce min ai har yanzu ban shiga nasin ba, akwai kwasa-kwasan share fage da jarrabawar shiga da ake kira TEAS, sannan in sake cike wani fom daban in jira a zaɓe ni ko a bar ni. Ina da yara biyu, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidan kuma tuƙi yake yi. Ta ina zan fara, kuma me kuka so a ce wani ya gaya muku tun farko?

Anti Nas, Bironks:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da matar ta gaya miki shi ne gaskiyar magana, shiga kwalejin kusan kowa ana ɗaukarsa, amma nasin ƙofarsa daban ce kuma kujerun a ƙirge suke saboda asibitocin da ake kai ɗalibai koyon aiki ba sa iya ɗaukar mutane da yawa. Shekara biyun da ake faɗa daga ranar da aka zaɓe ki take farawa, don haka ki sa a ranki shekara uku ne ko ma huɗu ga mai yara da aiki, kuma ba abin kunya ba ne.

Kwasa-kwasan da kusan ko'ina ake nema su ne anatomi da fiziyoloji kashi na ɗaya da na biyu, maikirobayoloji, Turancin rubutu, saikoloji, wasu su ƙara kemistiri ko lissafin ƙididdiga. Abin da nake so ki riƙe shi ne a takarda za su rubuta C ya isa, amma C ɗin nan na cika fom ne kawai, waɗanda ake ɗauka mafi yawansu masu A ne da B a kimiyya. Ni anatomi shi kaɗai na ɗauka a zangon, ban haɗa shi da komai ba sai Turanci, mutane suna ta ce min ina ɓata lokaci, to wallahi shi ya shigar da ni. Ƙasusuwa 206 ne a jikin babban mutum kuma ba sunan ƙashin kaɗai za a tambaye ki ba, har ramin da ke jikinsa da tudun da jijiya take kamawa, a ɗakin gwaji za a liƙa 'yar takarda a jikin ƙashi a ba ki kamar minti ɗaya ki rubuta sunan da haruffa daidai ki matsa gaba. Kada ki haɗa shi da maikiro a zango ɗaya kina aiki, don Allah. Sannan ki tambaya sau nawa aka yarda a maimaita kwas, makarantu da yawa sau ɗaya ne, wasu ma janyewa daga kwas suna lissafa shi a matsayin kin gwada. Ki kuma tambaya kimiyyar tana tsufa bayan shekara nawa, wasu biyar wasu bakwai, in ta wuce sai an sake.

Mu nan Niyok akwai dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2017, wadda ta ce sabon nas mai ADN ya kammala cikakken digirin nas, wato BSN, cikin shekara goma da samun lasisi. Ba ta hana ki fara aiki ba, ni ina aiki na yi nawa ta intanet kuma asibitin ya biya wani kaso.

Ɗan Maraɗi, Girinsboro:
Sannunku. Ni daga Nijar na zo da BAC ɗina na kimiyya, wato takardar kammala sakandare, matsalata ba kimiyyar ba ce, Turanci ne. Duk abin da munka karanta da Faransanci ne, sai da aka fassara takarduna aka kai wa masu tantance takardun waje, ni WES na yi amfani da su, amma ki fara tambayar makarantar wane kamfani suke karɓa kamin ki biya ko dala ɗaya. Azuzuwan koya wa baƙi Turanci, wato ESL, sun ci mini lokaci amma ban yi da-na-sani ba, don jarrabawar nasin kusan duka karatun tambaya ne, amsoshi huɗu duk suna kama da daidai a ce ka zaɓi wadda za ka fara yi. Abin da ya yi mini daɗi sunayen anatomi da yawa daga Latin suke, masu Faransanci muna gane su da wuri. Nan Karolaina ta Arewa kwalejoji da yawa sai sunanka yana cikin rajistar mataimakan nas ta jiha, wato CNA, kamin su karɓi fom ɗinka, to ki duba ko haka yake wajenku.

Maman Ilham, Ohayo:
Allah ya saka da alheri. Anti TEAS ɗin fa, yaushe ya kamata in rubuta? Akwai wadda ta ce min in yi maza in rubuta yanzu in huta.

'Yar Fagge, Merilan:
A'a kar ki yi gaggawa yaya. Tambayoyi 170 ne cikin minti 209, karatu 45, lissafi 38, kimiyya 50, Turanci 37, kuma kaso mafi girma na kimiyyar anatomi da fiziyoloji ne, to in kika rubuta kafin ki yi kwas ɗin kin cuci kanki a banza, gashi makarantu suna ƙayyade sau nawa za a rubuta a shekara kuma kowane zama kuɗi ne. Ki bari sai kin gama anatomi na biyu yana da ɗumi a kanki. Lissafin ba mai wuya ba ne ga wanda ya yi WAEC, kaso cikin ɗari ne da firakshan da rashiyo, akwai ma kalkuleta a jikin kwamfutar. Inda mutanenmu suke zubar da maki karatu ne saboda lokaci, minti 55 kacal, mu kuma mun saba karanta abu sau biyu kafin mu amsa. Ni agogo nake sawa in yi gwaji bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Wasu makarantun kuma jarrabawar HESI suke so ba TEAS ba, ki tabbatar kafin ki sayi littafi. Littafin anatomi na OpenStax kyauta ne a intanet, da shi nake bita.

Wani abu kuma, mu da muka taso da kilo da santigireti mun fi 'yan nan sauƙi a lissafin magani, abin da za ki haddace kawai kilo ɗaya fam 2.2 ne, ƙaramin cokali mililita 5, awns ɗaya mililita 30. A makarantarmu duk farkon zango sai an yi jarrabawar lissafin magani kuma sai ka ci 90 ko sama, in ba haka ba ba za ka ba mara lafiya magani ba.

Hajiya Zango, Bironks:
Ni maganar allurai zan yi don ba wanda ya taɓo ta kuma ita ce take kayar da mutanenmu bayan an gama murna. In takardar ɗauka ta zo ba su ba ka lokaci mai yawa, 'yan makonni ne, su ce ka kawo shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, ƙarambau, tetanus, mura, ciwon hanta na B, da gwajin tarin fuka. Wa zai nemo katin asibitinsa na jarirai a Kumasi ko Kano? Mafita a ɗibi jini a auna ko jikinka yana da garkuwar, suna kiransa taita, in babu a sake maka allurar. Na hanta shi ne mai cin lokaci, tsohon tsarin allura uku ne cikin wata shida, akwai sabuwa mai guda biyu wata ɗaya tsakani, to tun kina share fage ki fara.

Sai tarin fuka. Kusan dukanmu an mana allurar rigakafinsa ta BCG muna jarirai, ga tabon nan a hannunmu, to gwajin fata da suke yi yana iya kumbura ko ba ka da komai. Nawa ya kumbura, hankalina ya tashi ƙwarai, sai da aka yi hoton ƙirji aka ce lafiya lau. Ki nemi gwajin jini na QuantiFERON tun farko, shi BCG ba ta ruɗa shi. Kuma 'yan uwa in gwaji ya nuna mutum yana ɗauke da ciwon hanta na B, abin yana da yawa a Afirka ta Yamma kuma mutum bai sani ba, kada ya gudu ya bar karatu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da bayani tun 2012 cewa wannan kaɗai ba ya hana mutum karatun lafiya. Ya ga likita ya kai takarda. Katin CPR kuma, wato shaidar koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ko numfashinsa ya tsaya, yawanci na American Heart Association suke so, matakin BLS, shekara biyu yake yi, kada ki sayi na intanet zalla a ƙi karɓa.

Malam Nas, Hustan:
Ni namiji ne kuma nas, ina ƙarfafa wa samarinmu gwiwa su shigo. Batun kuɗi, in kina da girin kad ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, tallafin Pell ba bashi ba ne, mafi yawan abin da ake bayarwa a shekarar 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, gwargwadon samun gidanku. Amma yana da iyaka, kimanin zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum, don haka kada ki ƙone shi a kan kwasa-kwasan da nasin ba ya nema. Masu bizar karatu ta F-1 ba sa samu, kuma kuɗin makarantarsu ya ninka. Wanda ya sauya jiha kwanan nan ya sani yawancin jihohi sai ka yi wata 12 kafin a ba ka farashin ɗan gida.

Shawarata dai ki ajiye aikin nan gaba ɗaya ranar da kika shiga nasin. Na ga masu ƙoƙari da yawa sun faɗi saboda shiftin dare, a ajinmu 77 ce makin tsallakewa, 76 da ɗigo faɗuwa ce, kuma faɗuwa biyu kora ce. Masu karatun nas a gida ku tuna yadda PTS, wato matakin farko na makarantar nas, take tankaɗe ɗalibai, to nan kowane zango haka yake.

Anti Nas, Bironks:
Malam ban yarda da kai ba a nan. Wa zai biya haya? Ba kowa ke da mai ɗauke masa ba, kuma akwai na gida da suke jiran abin da za a tura musu. Ni ban bar aiki ba, rage shi na yi zuwa Asabar da Lahadi, kuma aikin CNA ya taimake ni sosai, ranar farko a asibiti 'yan ajinmu suna tsoron taɓa mara lafiya ni kuwa juya tsoho da yi masa wanka da auna hawan jini duk na saba. Abin da zan ce, shekarar share fage ita ce ta tara kuɗi, ki shiga adashe ki karɓi kwasarki daidai lokacin da za ki fara, sannan ki kira gida ki gaya musu gaskiya cewa aike zai ragu na shekara biyu. Wannan wayar tana da nauyi amma gara a yi ta da wuri.

Malam Nas, Hustan:
Haka ne Anti, ragewa ma ta yi, cikakken aiki da dare ne nake jin tsoro. Sai kuma gargaɗi ɗaya, in jira ya yi tsawo za ku ji ana cewa ga wata makaranta mai zaman kanta ba TEAS ba jira. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo badaƙalar da aka kira Operation Nightingale, an sayar da takardun nas na bogi sama da 7,600 daga makarantu a Fulorida, mutane suka rasa kuɗi da lasisi. Ku duba hukumar nas ta jiharku ta amince da makarantar, ku duba tana da tantancewar ACEN, ƙungiyar da ke tantance makarantun nas, ku nemi kason ɗalibanta da suke cin jarrabawar lasisi ta NCLEX a zaman farko, hukumomin jihohi suna wallafa shi.

'Yar Fagge, Merilan:
Yaya na manta batun yara da hijabi. Kilinikal ɗinmu, wato koyon aiki a kan marasa lafiya, ƙarfe shida da rabi na safe ake haɗuwa a asibiti, wani lokacin awa goma sha biyu, kuma ba kai kake zaɓar rana ko asibiti ba, makara ko fashi ɗaya biyu sai a cire mutum. Gidajen renon yara da yawa ba su buɗe ba a lokacin da za ki fita, to ki zauna da maigida tun yanzu ya san ranakun da shi zai shirya su, ki kuma samu mutum ta biyu ta ko-ta-kwana, ni maƙwabciyata 'yar Senegal ce ta rufa min asiri, ina riƙe mata nata ranar Lahadi.

Hijabi ban samu matsala ba, na rubuta wa shugabar shirin tun kafin a fara, aka ce in sa mai launi ɗaya wanda ba ya lilo in cusa shi cikin riga, da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin yunifom wadda zan iya naɗewa in wanke hannu. Ɗakin tiyata ne kawai suke da nasu tsarin. Sallah a hutun cin abinci nake yi, yawancin asibitoci suna da ɗakin ibada. Amma ki shirya zuciyarki, za a ba ki maza marasa lafiya kuma za ki yi musu komai, ni sai da na je na tambayi malaminmu na masallaci na samu natsuwa kafin in cike fom.

Maman Ilham, Ohayo:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku da gidan aljanna. Na duba shafin makarantar, TEAS suke karɓa kuma kimiyya sau ɗaya ake maimaitawa. Zangon nan zan ɗauki anatomi na ɗaya da Turanci kawai, ranar Litinin kuma zan kira asibiti a ɗibi jinina. Hajiya, gwajin taita ɗin inshorar lafiya ta gwamnati, Medicaid, tana biya ko daga aljihu kika yi?

Hajiya Zango, Bironks:
Ni likitana ne ya rubuta, inshora ta biya mafi yawa, amma kowace jiha da tsarinta. Ki tafi da fom ɗin lafiya na makarantar a hannu don a auna duk abin da suke so a ɗiba ɗaya, kuma ki ce a ba ki sakamakon mai lambobi daga ɗakin gwajin, tamu ba ta karɓi takardar da likita ya rubuta da hannu ba.