5G ce ke shanye mini caji, ko batirin ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar waya ku ba ni shawara. Na canja waya kwanan nan, na ɗauki mai 5G, batirinta 5000 mAh kamar yadda aka rubuta a kwali. Tsohuwar mai 4G ce, batirinta bai ma kai haka ba, amma in na cika ta da safe sai dare nake neman caja. Ita kuwa sabuwar, kafin la'asar ta faɗo ƙasa da kashi 20, ga bayanta na ɗaukar zafi ko ban yi wani abu mai nauyi ba. Na kuma lura alamar sabis ba ta zama wuri guda: yanzu 5G da sanda ɗaya, an jima 4G, an jima ta sake komawa. Layi biyu ne a ciki. Da wayar nake aikina, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ƙanena ya ce in mayar da ita 3G in huta. In bi maganarsa, ko batirin ne ba shi da kyau?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, amsarki na cikin bayanin da kika yi, wato sandar nan guda ɗaya. Duk lokacin da sigina ya yi rauni, waya kan ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi don ƙarfen sabis ya ji ta, kamar yadda mutum ke ɗaga murya in wanda yake kira ya yi nisa. Wannan ƙarin ƙarfin daga batir yake fita, shi ne kuma ɗumin da kike ji a hannu.

Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun da aka fara 5G a 2019, yawancin kamfanoni a kan kayan 4G suka ɗora ta. A irin wannan tsari, wayarki tana riƙe da 4G da 5G a lokaci guda, hanya biyu ke nan take ciyarwa. Ga layi na biyu shi ma yana nasa neman. In 5G ɗin wurinku ba ta da ƙarfi, kina biyan caji ne a kan saurin da ba kya samu. Ki shiga saitin netwok, ki zaɓi wanda 4G ce a samansa, ki gwada kwana biyu ki gani.

Amsa ta biyu:
Ni dai ina bayan ƙanen naki. Wayoyin da, masu 2G, ai sai su yi kwanaki ba a yi musu caji ba.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wannan kwatancen bai zauna ba. Waɗancan wayoyin ƙaramar fuska gare su, ba bidiyo, ba manhajoji masu aiki a ɓoye. Ba 2G ce kaɗai ta sa suke daɗewa ba. Kuma jinkiri ma yana cin caji: hoton da 4G za ta sauke nan take ta huta, 3G sai ta daɗe tana fama, fuskar waya a kunne, kai kana jira. Ita 3G tun 2001 aka fara ta a Japan, 4G ta zo a ƙarshen 2009 a Stockholm da Oslo. Yanzu ana ta rufe 3G ɗin ma, manyan kamfanonin Amurka sun kashe tasu a 2022. Mai aiki da waya kullum, ban ga dalilin da zai sa ta koma can ba.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai, 'yar'uwa. Kada ki kulle wayar a kan 4G zalla. In layinki ba ya yin kira ta 4G, abin da ake ce wa VoLTE, to da zarar an kira ki wayar na buƙatar sauka zuwa 3G ko 2G. Kin kulle ta, kira ba zai shigo ba, ke kuma ba ki san ana nemanki ba. Zaɓi mai 4G/3G/2G a haɗe shi ne daidai.

Amsa ta huɗu:
Kafin a ɗora wa netwok laifin duka, ki buɗe sashen batir a saiti, zai nuna miki abin da ya fi ci. Sau da yawa fuskar wayar ce a gaba. Sababbin wayoyi da yawa na sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, tsofaffi kuwa 60. Ki mayar da ita 60, ki rage haske. In akwai Wi-Fi mai ƙarfi inda kike zama, ki hau shi, ya fi sauƙi ga batir a kan data mai rauni. Masu iPhone kuma su bar ta a 5G Auto, ita ke sauka 4G da kanta in babu buƙatar sauri.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, fuskar ce ta ɗaya, sabis na biye mata. To ta yaya zan tabbatar batirin lafiyarsa ƙalau?

Amsa ta biyar:
Gwajin ba wuya, Hajiya. Ki cika ta da dare, ki cire caja, ki sa ta a yanayin jirgin sama. In da safe kashi kaɗan ya ragu, da alama batirin ba shi da laifi. In kuwa ya zube sosai alhali ba sabis ba komai, ki sake duba ko wata manhaja ce ke aiki a ɓoye. In babu, ki mayar da ita tun garantinta bai ƙare ba.

Zafin nan da kika ambata shi ya fi damuna, don zafi ne babban abin da ke tsufar da batirin litiyam. Apple ma na gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Kada ki riƙa kallon bidiyo tana kan caji, kada ki sa ta ƙarƙashin matashi, kuma in ta yi ɗumi ki cire mata riga. Ranar da kika ga bayanta ya kumbura ko fuskar ta fara ɗagowa, kada ki sake sa mata caja, ki kai a canja batirin.