Wa ya taɓa sauka a filin jirgi na burji? Ku ba mu labari

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a gabashin Chadi. An ce daga Abeche ƙaramin jirgi ne zai riƙa kai su Goz Beida da Iriba, filayen kuma babu kwalta. Hajiyarmu ta kasa barci tun da ta ji. Wanda ya sani ya faɗa mana gaskiya don Allah.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Na yi aiki a yankin nan. Yawanci Cessna Caravan ake hawa, inji ɗaya, farfela a hanci, fasinja 9 zuwa 12. Da rani lafiya lau, ƙura ce kawai. Matuƙi yakan fara wucewa ƙasa-ƙasa ya duba filin, ya kori jakuna da awaki, sannan ya zagayo ya sauka.

Damina ce abin tsoro. Mu a watan Agusta abin ya same mu. An sha ruwa da dare, da safe rana ta busar da saman burjin, ƙarƙashi kuwa taɓo ne. Wanda aka ɗora wa duba filin, daga bakin hanya kawai ya leƙa, ya buga waya ya ce ya bushe. Tayoyi suka taɓa ƙasa, aka taka birki, jirgi ya ci gaba da sulɓi abinsa har muka wuce ƙarshen filin. Tayar gaba ta nutse, farfela ta daki ƙasa, muka tsaya cak, kowa na salati. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi, amma jirgin nan ya kwana biyu a wurin kafin a kawo masu gyara.

Maman Walid:
Ikon Allah. Ni a Sudan ta Kudu na gani. Ƙasarsu baƙar laka ce, in ta sha ruwa tana kama taya kamar danƙo. Sai a soke tashi mako guda, mutane su yi ta mita. Ni dai tun da na ga jirgi kafe a laka, yara na wasa a inuwar fiffikensa, na daina mita.

Injiniya Na-Zariya:
Baban Ilham, bari in ƙara da abin da fasinja ba ya gani. Zafin rana yana sa iska ta yi sakayau, jirgi ya buƙaci fili mai tsawo wajen tashi da sauka, shi ya sa ake son tafiyar sassafe. Nauyi ma haka. In an ɗora ƙanenka a sikeli shi da jakarsa, kada ya ji haushi, kada kuma ya roƙi a bar masa ƙarin buhu. Sai iskar baya: a littafin Caravan, duk ƙarin iskar baya ta kusan kilomita 4 a awa tana ƙara tsawon sauka da kashi 10 cikin 100. A filin da ba shi da rara, wannan kaɗai ya isa.

Wanda na fi yarda da shi shi ne matuƙin da zai ga ya wuce inda ya kamata ya dira, ya ƙara wuta ya koma sama. Fasinja kan ce bai iya ba. Shi ne gwanin.

Ɗan Damagaram:
Haka ne Injiniya, amma kada mu ɗora wa matuƙi komai. Daga sama busasshen burji da jiƙaƙƙe launinsu kusan ɗaya. Sai wani ya shiga da mota ko da ƙafa ya taka filin daga farko har ƙarshe.

Kawu Sale:
Ku dai kuna ba yaro tsoro. Ku gwada bin mota daga Abeche zuwa Goz Beida da damina, korama ta ciko ta tsare ku kwana da kwanaki a bakinta. Ni jirgin zan hau.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maganar Kawu Sale zan karanta wa Hajiya. Ɗan Damagaram, ana barin mutum ya zaɓi kujera?

Ɗan Damagaram:
A'a, matuƙi ne ke raba wurin zama don nauyi ya daidaita. Ya ɗaure bel sosai, kada ya kwance sai farfela ta tsaya.