Gashina yana zuba bayan na yi allurar ƙara ƙwanji, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana.

Shekarata 24, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Da rani nakan tafi ci-rani Kano, ina dako a kasuwar Dawanau. Bana na fara zuwa wani wurin ɗaga ƙarfe da yamma, a nan wani ya tallata mini allura, ya ce ita masu faffaɗan ƙirji suke yi. Kwalba ɗaya an rubuta testosterone, wato sinadarin mazantaka, ɗayar kuma Deca, ita ma danginsa ce. Wata uku ana yi mini duk mako. Jikina ya buɗe ƙwarai, buhun da nake nishi kafin in ciccibe shi ya zama ba komai.

Da na dawo gida aikin damina sai na ga duk na cire hula gashi ya manne a cikinta. Ranar kasuwa mai askina ya haɗa madubi biyu ya nuna mini tsakiyar kaina, fata har ƙyalli take, gefen goshi biyu kuma sun ja baya. Ga ƙuraje sun cika mini gadon baya. Babanmu yana da sanƙo, amma shi sai da ya manyanta ya fito masa. Yau sati uku da na daina allurar, kullum cikin kasala nake, kuma akwai sauran kwalba biyu a jakata. Bikina bayan kaka ne. Wallahi ko barci ba na iyawa. Gashin zai dawo? Me zan shafa?

Wani matashi daga Taura: Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Ka riƙa goga ruwan albasa da man habbatussauda kullum da dare.

Wanzami daga Gumel: Yaro, albasa ba ta tayar da sanƙo. Na gaji aska daga ubana, kawunan da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. In makero ne za ka ga ya yi zagaye, yana ƙaiƙayi yana garin fata, wannan yana da magani. Amma wanda ya fara daga gefen goshi da tsakar kai, na gado ne. Kada ka bari kowa ya yi maka tsaga a wurin, tabo zai bari, gashi kuwa ba ya fitowa a kan tabo.

Ma'aikacin jinya, Dutse: Ƙanena, Baba wanzami ya faɗi gaskiya. Jiki yana juya wani kaso na testosterone zuwa sinadarin da ake kira DHT, shi ne yake tsuke saiwar gashi a kan wanda ya gaji sanƙo, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Gashin ya yi ta sirancewa har ya daina fitowa. Allurar ba ita ta ƙirƙiro maka sanƙon ba, ta jawo shi ne tun lokacinsa bai yi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, saiwar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Wadda ta sirance kawai ana iya ceto ta, kuma akwai zubar da ke biyo bayan girgizar da jiki ya sha, ita takan tsaya da kanta cikin wata shida ko makamancin haka. Maganin shafawa da aka tabbatar da amfaninsa shi ne minoxidil mai kashi 5 cikin 100. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, a makonnin farko zubar takan ƙaru, in an daina kuma abin da aka samu ya koma. Akwai ƙwayar finasteride ta miligiram 1, amma ita kada ka saya a kemis da kanka. Takan rage wa wasu sha'awa, kuma ga wanda Deca ba ta gama fita daga jikinsa ba tana iya ƙara ɓata lamarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne kasalar nan da bikin da ke tafe. Idan testosterone ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan ga ya wadata, sai ta daina aika wa 'ya'yan maraina saƙon su yi nasu. Su motse, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su ragu sosai. Ka daina ta waje, taka kuma ba ta farka ba tukuna, shi ya sa jikinka ya mutu. Farfaɗowar takan ɗauki watanni, wani ya haura shekara, Deca kuwa tana daɗewa a jiki. Ka je babban asibiti, ko na Rasheed Shekoni a nan Dutse ko na Malam Aminu Kano, ka tafi da kwalaben, ka faɗa wa likita komai ba kunya. A auna hawan jininka, da hanta, da yawan testosterone. Sirinjin da ake yi maka, sabo ake ɓarewa a gabanka?

Wani da ya taɓa yi: Yaya ma'aikacin jinya ya taɓo inda ke mini ciwo. Ni ma na yi, lokacin ina aikin gini a Abuja. Wata na biyu da dainawa shi ne mafi wuya, ko gaisuwa ba na son amsawa, hannuna ya saki, sai zuciya ta riƙa ce mini yi ɗaya kawai ka warware. Na koma, na ƙara wata huɗu, har nonona na hagu ya yi ƙululu mai zafi, wanda har yau yana nan. Kwalba biyun nan kada su ƙara sati a ɗakinka. Gashina bai dawo ba, ƙwal kwabo nake yi in sa hulata, matata kuma ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Wata uwa daga Ɓaɓura: Ɗana, ka sanar da yayanka ko kawunka, a samu mai raka ka. Kada ka riƙe wannan kai kaɗai. Ina yi maka addu'a.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya, tambayarka ta sa gabana ya faɗi. Kan allurar yake canzawa, amma sirinjin ɗaya ne, mu huɗu yake yi wa.

Ma'aikacin jinya, Dutse: To ka ce a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da na ƙanjamau, tun kafin gwajin aure ya zo. Canza kan allura ba ya hana jini komawa cikin sirinji. Ka kira sauran ukun su ma su je.

Mai tambaya: Na faɗa wa Kawu bayan sallar isha'i. Ya ce ranar Litinin da asuba za mu kama hanyar Dutse, kwalaben suna hannunsa yanzu. Cikin ukun ina da lambar mutum biyu, na ukun ɗan Kazaure ne, zan sa a nemo mini shi a Dawanau.