Tsirkiyar jitar bas tana gogar ƙarfe

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu nan Daura, babbar tsirkiyar jitata ta bas take gogar ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, daga na 1 zuwa na 5. Ina mafita?

Amsa: Malam, wuyan ne ya miƙe sosai saboda sauyin yanayi. Ka sassauta sandar ƙarfen da ke cikinsa da alanki, rubu'in juyi zuwa hagu, ka bari ya kwana, sannan ka danne tsirkiyar a ƙarfen farko da na ƙarshe, tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfen tsakiyar wuyan ta kai kusan milimita 0.3.

Amsa: Ɗan'uwa, idan sandar ta cije kada ka tilasta mata, domin tawa a haka ta karye.