Idan an cire hantar gaba ɗaya, daga ina kansar take dawowa?

Maman_Biyu:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin likitanci ku taimaka min don wallahi kaina ya ɗaure. Yayana ne, shekararsa 46, ashe yana da hefataitis B tun tuni bai sani ba sai da aka gano ƙari a hantarsa, aka yi masa tiyata aka yanke wajen, yau shekara ɗaya da wata takwas kenan, likitan ma ya ce an cire shi tas har da naman gefensa. Muka yi ta hamdala. To satin da ya wuce ya je sikanin da yake zuwa sai ga wani sabo a ɗaya ɓangaren, a takardar an rubuta santimita 2.4, na karanta ta ta fi sau goma kamar lambar za ta canja. Yanzu maganar dashen hanta suke yi, kuma wai ko an dasa ɗin ma tana iya dawowa. To ni abin da ban gane ba, idan an cire hantar ɗungurungum an sa ta wani, daga ina kansar za ta fito kuma? Sannan me ya sa ba a yi dashen tun farko ba aka tsaya yanka? Ni na yi niyyar ba shi ɓangaren tawa in ta dace amma ina so in san me nake shiga.

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Bari in fara da yankan. Dawowar kansa bayan an yanke ba yana nufin likita ya yi sakaci ba, abin da aka sani shi ne cikin shekara 5 tana iya dawowa ga kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Kuma iri biyu ce. Wadda ta dawo kafin shekara 2 yawanci 'ya'yan tsohon ƙarin ne, ƙwayoyi ƙanana da suka bi jijiyoyin jini suka ɓuya a cikin hantar tun kafin aiki, sikanin ba ya iya ganinsu. Wadda ta zo bayan shekara 2 kuma galibi sabuwa ce fil, don hantar da bairos ya daɗe yana ci ta yi tabo ta taurare kamar gonar da ciyawa ta riga ta zuba iri ce, ka cire nan ta tsiro can.

Shi dashe amfaninsa kenan, ana ɗauke ƙarin a ɗauke gonar gaba ɗaya. Shi ya sa dawowa bayan dashe ba ta kai ta yanka ba ko kusa, wajen kashi 10 zuwa 20 ne idan an zaɓi mara lafiyan da kyau. Wannan kason kuma amsar tambayarki ce: ba daga sabuwar hantar take fitowa ba, ƙwayoyin da suka riga suka tsere cikin jini kafin ranar aikin ne, sai su je su lafe a huhu ko ƙashi, wani lokaci su zagayo su sauka a sabuwar hantar. Ga kuma maganin da dole a sha bayan dashe irin su tacrolimus da ke danne garkuwar jiki don kar ta yaƙi sabuwar hantar, to ita garkuwar nan ita ce dama ke farautar ɓatattun ƙwayoyin, kin ga an ɗaure mai gadi kenan.

Wannan matsala tsohuwa ce fa. Dashen hanta na farko da ya yi nasara, wanda Thomas Starzl ya yi a Denver ta Amurka a 1967, wata yarinya ƙarama mai kansar hanta aka yi wa, hantar ta kama aiki amma bayan shekara ɗaya da 'yan kai kansar da ta bazu ce ta yi ajalinta. Haka aka yi ta fama ana dasawa tana dawowa har wasu suka fara cewa asarar hanta ce kawai, sai a 1996 Vincenzo Mazzaferro da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka fitar da bincikensu a kan mutum 48. Suka nuna idan ƙari ɗaya ne bai wuce santimita 5 ba, ko kuma ba su wuce uku ba kowanne bai wuce santimita 3 ba, bai shiga babbar jijiya ba bai fita wajen hanta ba, to kashi 75 cikin 100 suna raye bayan shekara 4. Shi ne ake kira ma'aunin Milan har yau. Ƙarin Yaya 2.4 ne kuma guda ɗaya, in dai babu wani a wani wuri yana ciki sosai.

Batun me ya sa ba a dasa tun farko, hantar dasawa ba ta wadata ko'ina a duniya, aikin babba ne, magani kuma har ƙarshen rayuwa, so idan hantar mutum tana aiki da kyau kuma ƙarin zai yanku, da yawa sun fi son a yanke a sa ido, in ta dawo sai a yi dashen. Tsari ne sananne.

Hajjo77:
Maigidana shekara uku kenan da dashe, ƙaninsa ne ya ba shi. Abin da ba wanda ya faɗa mana da kyau shi ne jiran. Mun zata da an ce dashe sai a sa rana, ina! Sai da suka fara yi masa wani aiki da ake zira siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa hanta a zuba magani a toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin, TACE suke ce masa, ya yi kwana uku yana zazzaɓi da amai, sannan aka ce a jira watanni a gani. Ni lokacin haushi nake ji ina ganin ɓata lokaci ne, daga baya na gane gwada halin kansar suke yi, in mai gaggawa ce za ta nuna kanta kafin a yanka lafiyayyen mutum a banza. Yanzu alhamdulillah, agogon wayarsa na bugawa takwas na safe da takwas na dare don magani, ko a sallah yake in ya idar shi ne farkon abin da zai nema. Amma har yau daren da za a je sikanin ba na barci. Ƙanin kuma hantarsa ta sake girma cikin 'yan watanni, tabon ciki ne kawai ya rage masa.

Injiniya_MK:
Ni dai ina ganin kafin a kai ga yanka mutum biyu a tambayi maganin nan na zamani mai tayar da garkuwar jiki, na karanta cewa atezolizumab da bevacizumab sun doke sorafenib, tsohon maganin kansar hanta, a binciken 2020, me zai hana a gwada shi tukuna?

Abu_Sadiq:
Injiniya gaskiya ne amma ba wajensa ba ne nan. Wancan binciken a kan waɗanda tasu ta wuce yanka aka yi, tsawaita rai yake yi galibi, shi kuwa Yaya yana matakin da ake neman warkewa ne. Kuma akwai haɗari, maganin da ke zuga garkuwar jiki in aka sha dab da dashe ko bayansa yana iya sa jiki ya ƙi sabuwar hantar, an ga waɗanda suka rasa ta haka, shi ya sa har yanzu ana binciken tazarar da ya kamata a bari. Neman maganin da zai hana dawowa ma an sha ƙasa a kai ba sau ɗaya ba. An gwada sorafenib bayan yanka a binciken STORM, bai hana komai ba. An gwada sirolimus, wani maganin danne garkuwa, bayan dashe a binciken SiLVER da ya fito 2016, mutum sama da 500, ya ɗan taimaka a shekarun farko amma da tafiya ta yi nisa bambancin ya ɓace. A ganina abin da ya fi ci gaba shi ne iya zaɓe, yanzu an gane girma kaɗai ba ya faɗin halin ƙari, ana haɗawa da gwajin jini na AFP, wani sinadari da kansar hanta kan sa ya hauhawa a jini, a Amurka in ya haura 1000 sai an sauko da shi ƙasa da 500 kafin a ba mutum fifiko a layin dashe. Maman Biyu ki duba mana AFP ɗinsa, kuma ki nemo takardar gwajin ƙarin farko da aka yanke, ko an rubuta ya shiga ƙananan jijiyoyin jini, wannan layin ɗaya ya fi komai nuna yiwuwar dawowa.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajjo kin sa ni kuka wallahi. AFP ɗin 38 ne, ɗayar takardar tana wajen matarsa zan karɓo gobe. Yana shan tenofovir kullum, ya ci gaba ko?

Abu_Sadiq:
Ya ci gaba, kar ya tsallake ko kwana ɗaya, danne bairos ɗin na rage dawowar kansar, bayan dashe ma zai ci gaba don kar ya kama sabuwar hantar. 38 ba lamba ce mai tayar da hankali ba. Amma 'yar uwa ke an taɓa gwada ki? Uwa ɗaya kuke da shi? Don mai hefataitis B tun yarinta sau da yawa wajen haihuwa ya samo, kuma in kina da shi ba za su karɓi hantarki ba, ke ma sai an fara duba taki duk wata 6.

Maman_Biyu:
Uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyar ne. Ba wanda aka taɓa gwadawa a cikinmu. Bari in kira su yanzu.