Hangen Dala: Musayar Waƙa a Kan Zana Nasara a Zuci

Bazazzagi: Assalamu alaikum. Na shekara goma sha ɗaya ina shan taba, kuma duk ƙoƙarin da na yi na bari ya ruguje ne a wuri ɗaya, wato bencin mai shayin unguwarmu bayan isha'i. Abin da ya canza al'amarin shi ne na fara zuwa wurin a zuci kafin in je da ƙafa. Ga baitocina, amsa-amonsu "ba", mai amsawa ya bi shi.

Ina zana kaina a raina da safe,
Abokai su miƙo karan nan na taba.
Hayaƙinta har na jiyo shi a hanci,
Idan sun matsa min na ce na yi tuba.
Watanni biyar yau da wannan dabara,
Karan nan a baki fa ban sake sa ba.

Bakano: Allah ya ƙara nisanta ka da ita, ɗan'uwa, amma ka yi haƙuri da ni.

Idan har tunani yana sa a samu,
Da Kantin Kwari nawa ne har da riba.
Kana hango Dala, ya ɗan Zazzagawa,
Ka ce ka shigo, ko Kura ba ka kai ba.

'Yar Damagaram: Bakano ba ya jin magana sai an lissafa masa ita da kuɗi, don haka bari in ba shi misalin da ke da zinare a ciki. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ruwa ya cika tabaran ɗan ninkayar Amurka Maikal Felps a tseren mita 200, har ya daina ganin gabansa. Da yake kocinsa ya saba masa da maimaita tseren a zuci kafin barci, har da abin da zai yi idan wani abu ya lalace, sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, ya ci tseren, ya kuma kafa sabon tarihi.

Bakano, tsaya can ga awon atamfa,
Batun zuciya ba a kanti yake ba.
Mai ninkaya ya rufe ido ya ƙirga bugun hannunsa,
Ya ɗau zinare bai ga bangon ruwa ba.

Basakkwace: Malama, ban ƙi hujjarki ba, amma ɗangonki na uku ya karye. Wanda ya buɗe fagen ya ɗora waƙarsa a kan karin Mutaƙarab, gaɓa sha biyu a kowane ɗango, ke kuwa kin loda wa naki sha bakwai, kamar motar da ta taso daga kasuwar ƙauye ranar cin kasuwa. A gyara kafin a ci gaba.

Bakano: Allah ya saka da alheri, Malam. Dama a Damagaram da buhu ake auna baiti. Game da Felps kuwa, mutumin da ya yi shekaru yana shiga ruwa kusan kullum ba za a ce mafarki ya ba shi zinare ba. Akwai ma binciken da Pham da Taylor suka wallafa a 1999 a kan ɗaliban jami'a a Kalifoniya, inda aka sa wasu su riƙa hango kansu sun ci jarrabawa da babban maki, wasu kuma su riƙa hango kansu a zaune suna karatu. Masu hangen makin ba su kai masu hangen karatun ba, domin zuciya idan ta ɗanɗani romon nasara tun kafin aiki, sai jiki ya yi sanyi.

Bazazzagi: Ka sake karanta baitocina na farko, ɗan'uwa, ka gaya mini inda na hango ana yi mini tafi. Benci na hango, da hannun da ke miƙo mini kara, da kunyar da ke kama ni idan aka ce na zama ustazu.

Ashe kai da kanka ka ba ni makami,
Tafarki na zana, ba ladan gudu ba.
Wajen mai shayi can nake fara kallo,
Gurin da nake faɗuwa nan na duba.

'Yar Damagaram: Wannan shi ne baiti! Zazzau ta tsaya da ƙafarta. Kai kuma Malam Basakkwace, ina ma'auninka yake lokacin da Bakano ya tsallake? Ko ɗangon mata kaɗai ake ɗorawa a sikeli? Mu a nan mun tashi muna jin makaɗa suna jan ɗango yadda numfashi ya ba su, kuma kalangu ne ke yanke hukunci, ba littafin aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ba.

Basakkwace: Waƙar baka daban, rubutacciya daban, Malama, kuma mu da muka gaji ta biyun daga malamai ba za mu bari a cakuɗa su ba. Na sani masana sun daɗe suna jayayya a kan ko karin Hausa daga Larabci aka aro shi ko yana da nasa tushen, amma ko wanne ɓangare kika bi, sha bakwai ba za ta zama sha biyu ba.

'Yar Damagaram: To, ka ƙirga wannan.

Malam na ƙirga gaɓa kamar mai sayar da goro,
Ma'ana ta wuce shi bai ko waiwaya ba.

Basakkwace: Sha biyar ne, kuma shi ma ya karye.

Bakano: Na kwana biyu ban leƙo ba saboda kaya sun sauka, na dawo na tarar an bar mai taba an koma kan goro. Bari in mai da mu inda aka tsaya.

Ka sassauta murna, ka bar buga ƙirji,
Watanni biyar ba su kai shekara ba.
Mu gan ka a ranar da ranka ya ɓaci,
Mu ga ko ashana ba za ta fito ba.

Bazazzagi: Wannan ta same ni, kuma ba zan amsa ta da waƙa ba. Gaskiya ne ban taɓa zana ranar ɓacin rai ba, alhali in na tuna, sau biyu daga cikin komawar da na yi a baya, daga rigimar gida na fito na nufi mai shayi kai tsaye. Daga daren yau zan ƙara ta a cikin abin da nake maimaitawa: in fito a fusace, in juya hagu zuwa masallaci maimakon dama, in yi alwala ko da ina da ita. Idan na cika shekara, Bakano, shayin ranar a wuyanka yake.

Basakkwace: Allah ya cika maka buri. Bakano, don kada a ce na yi son kai, ɗangonka na ƙarshe ya fara da gaɓa biyu marasa nauyi a jere, "mu ga", inda ake buƙatar mara nauyi ɗaya sannan mai nauyi. Malama ta shaida na faɗa.