Wai in ba a ɗauki yaro a zagayen farko ba shikenan?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayata ne ya nemi jami'ar Duke a Amurka ta zagayen farkon nan da ake ce wa ED, wanda ake rufewa farkon Nuwamba, jiya amsa ta fito wai sun ɗage shi zuwa zagayen kowa da kowa. Babansa yace kora da hali ce kawai, a haƙura a jira JAMB. Dan Allah haka ne?

Kawu: Wa'alaikumus salam. Hajiya gaskiyar baban ce fa. Irin su Duke kusan rabin kujerunsu tun Disamba suke cikewa da 'yan ED, ragowar kuma duniya ce kaf ke rububinsu. Kar a sa wa yaro rai a banza.

Ɗalibi a Boston: Kawu a gafarce ni, amsa uku ake bayarwa a tsakiyar Disamba, ko a ɗauke ka, ko a ƙi ka, ko a ɗage ka. Wanda aka ƙi shi ne ba shi da damar sake neman wannan makarantar a shekarar. Wanda aka ɗage kuwa za a sake buɗe fayil ɗinsa, amsa ta fito wajen ƙarshen Maris, kuma alƙawarin da ya sa wa hannu cewa in an ɗauke shi dole ya je ya warware, yanzu yana da zaɓi har 1 ga Mayu. Da kora suke so ai sai su kore shi kai tsaye, ba kunyarsa suke ji ba.

Kawu: Toh ɗana, cikin waɗanda ake ɗagewa nawa ke shiga daga baya? 'Yan kaɗan ne, kai ma ka sani.

Malama: Kaɗan ne kam, ban musa ba Alhaji, amma makaranta makaranta ce. MIT yawancin waɗanda ba ta ɗauka da wuri ba ɗage su take yi, Stanford kuma akasarinsu ƙin su take yi ta ɗage 'yan tsiraru, kun ga ɗagewar biyun ba nauyinsu ɗaya ba. Ni abin da ke ci min rai daban ne wallahi, duk shekara ina ganin yara sun zauna zaman makoki sati biyu alhali jami'o'i da yawa farkon Janairu suke rufe karɓar takardu, sai ka ga yaro da ƙarfe sha ɗayan dare yana buɗe Common App, shafin da ake neman jami'o'in Amurka ta cikinsa, yana rubutu a gaggauce ga wuta babu ga caji ya kusa ƙarewa. Hajiya ki sa shi ya zauna yau ɗin nan. Ya rubuta wa Duke gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu su yake so, ya faɗi sabon abin da ya samu tun Nuwamba, makarantarsu ta tura sakamakon wannan zangon, sannan ya juya kan sauran.

Ɗalibi a Boston: Kuma akwai ED na biyu a Janairu, irin su Vanderbilt da NYU da Emory, amsa tsakiyar Fabrairu, shi ma da alƙawari ne.

Kawu: Alƙawari kuma? Da canjin dala na yanzu? In sikolashif bai ishe shi ba fa?

Malama: Nan kam kana da hujja Alhaji. Ana iya sakin yaro in tallafin bai isa ba, amma ya rasa damar kwatanta tayin makarantu. Duke kanta tana duba buƙatar kuɗin ɗalibin waje kafin ta ɗauke shi, Amherst da Dartmouth da MIT ba sa dubawa. Su leƙa EducationUSA, cibiyar ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja ko Legas a duba musu jerin makarantun da zai nema.

Kawu: Ni dai har yanzu ina kan bakana, a sayi fom ɗin JAMB.

Maman 'yan biyu: Za a saya in sha Allah Kawu, amma ba za a janye na Duke ba. Malama wasiƙar shafi nawa ya kamata ta kai?

Malama: Kar ta wuce shafi ɗaya, kuma ya fara duba shafinsa na jami'ar, wasu suna da fom na musamman da suke so a cike.